Kurakuran da muke yi a tseren kilomita 5 da 10

Ana busa usur sai ka ga jama'a sun zabura kamar an biyo su da bulala, kai ma jini ya ɗebe ka ka bi su. Wallahi nan ne yawancinmu muke zubar da tseren tun ba a je ko'ina ba. Na taɓa yi, kilomitar farko na cinye ta a minti 4 da ƴan sakan alhali a tirenin minti 5 nake yi, kafin in kai ta uku ƙirji na zafi, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata bulo, waɗanda na wuce ɗazu suna ta wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Sauri ya haifi nawa kenan.

Gyaran ba wuya. In burinka minti 25 ne a kilomita 5, to kowace kilomita minti 5 ce, ka fara da 5:05 ko 5:10 ma, ka duba agogo a alamar kilomitar farko. Ba ka da agogo? Gwada magana, in kalma biyu uku ba sa fita a farkon tsere to ka yi wuta da yawa, sassauta.

Sai masu zuwa jiki a sanyaye, musamman lokacin hunturu. Gajeren tsere ba ya ba ka lokacin da jiki zai farka a hanya, yi sassarfa ta minti 10 zuwa 15 kafin a fara.

Tudu ma yana kayar da mutane. Tseren Okpekpe na kilomita 10 a jihar Edo hawa ne sosai, a irin wannan hanya kar ka ce dole sai ka riƙe saurin fili, rage faɗin taku, bar numfashi ya zauna daidai, a gangara sai ka rama.

Wurin da na fi so a kula a tseren kilomita 5 shi ne kilomita ta uku zuwa ta huɗu, nan zuciya take fara cewa ka tsaya ka huta, kuma nan ne ake rage gudu ba a sani ba. Zaɓi mutum ɗaya a gabanka ka manne masa, kar ka bari ya ɓace maka.

Sabon kambas kuma a bar shi a gida ranar tsere, haka ma cika ciki da ƙosai da kunu ana saura rabin awa, ka ci abu mara nauyi awa biyu ko uku kafin nan. In ka hango layin ƙarshe saura mita 400, duk abin da ya rage a jikinka ka sake shi.