Yadda ake shan maganin neman haihuwa ba tare da fargabar kansar ƙwan mace ba

Kafin ki haɗiyi ƙwaya ɗaya ta Clomid ko letrozole, ki fara sanin abin da ya hana cikin shiga. Magungunan nan aikinsu sa ƙwai ya nuna ya fito, saboda haka idan bututun mahaifa ne ya toshe, ko kuwa matsalar tana wajen maigida, to shansu ba zai amfana komai ba. A yi wa mijinki gwajin maniyyi, ke kuma a duba bututunki, a ɗauki hoton mara. Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha, amma shi aka fi tsallakewa, domin a gidaje da yawa an riga an ɗora wa mace laifin tun kafin a je asibiti.

Fargabar cewa magungunan nan suna jawo cutar kansa a ma'ajiyar ƙwai tana da asali. A 1994 aka wallafa wani bincike daga birnin Seattle na Amurka da ya nuna cewa matan da suka sha Clomid na wata 12 ko fiye sun fi samun ƙari a ma'ajiyar ƙwai. Sai dai mata 11 kacal ne suka kamu a cikin sama da 3,800 da aka bibiya. Daga baya cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike da dama a 2013, ta sake dubawa a 2019, ba ta kuwa sami hujja mai ƙarfi cewa magungunan suna haddasa kansar da ke bazuwa ba, ko da yake an ga alamar ɗan ƙaruwar wani nau'in ƙari mai tafiyar hawainiya, musamman ga waɗanda aka yi wa dashen ɗan tayi. Abin da ke rikita lissafin shi ne rashin haihuwa shi kansa yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar, haka ma cutar da ke sa irin naman cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, yayin da ɗaukar ciki da shayarwa ke rage shi.

Saboda haka ki tsaya a kan ƙa'ida. Ana shan Clomid kwana 5 a farkon al'ada, galibi ana farawa da miligiram 50, kuma hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta ce kada a wuce wata 6. Ki rubuta kowane wata da kika sha a littafi, ki nuna wa duk likitan da kika koma wajensa, domin mace kan sauya asibiti, kowanne ya fara mata daga farko ba tare da sanin abin da ya gabata ba. Wadda ta fi shiga hatsari ita ce mai aika yaro kemis wata bayan wata, don wata ƙawa ta sha ta haifi tagwaye, ko don gorin dangin miji ya ishe ta. Alluran neman haihuwa kuwa ba a taɓa su sai da likitan mata yana bin girman ƙwai da hoto, domin suna iya kumbura ma'ajiyar ƙwai har ruwa ya taru a ciki.

Ki gaya wa likita tun ranar farko idan mahaifiyarki, 'yar'uwarki ko gwaggonki ta taɓa yin kansar mama ko ta ƙwai, saboda akwai nau'in da ake gado, kuma ta wajen uba ma yana biyowa.

Ko bayan kin daina maganin, kada ki raina kumburin ciki da ya ƙi sacewa, saurin ƙoshi bayan loma kaɗan, ciwon mara ko yawan fitsari da suka ɗauki makonni. Ki koma asibiti ki nemi hoton mara, ko da an taɓa yi miki gwajin bakin mahaifa an ce lafiya lau, domin wannan gwajin ba ya gano kansar ƙwai.