Fitilun bayan dogon baro da na tirela: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Mai dogon baro, wato babur mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya, ba ya ganin bayansa. Idan fitilar gaba ta mutu, nan take zai sani. Ta baya kuwa sai ta yi mako guda a mace bai da labari, har sai jandarma ya tsai da shi a hanyar Ɗan Isa, ko babbar mota ta taso masa da dare a hanyar Tasawa, direban bai hango shi ba sai da ya zo daf. Abin ya fi muni ga waɗanda suka ɗaura wa babur ɗin ƴar tirela don ƙarin buhunan gero, aya ko jarkokin ruwa, domin tirelar tana rufe fitilun babur ɗin, nata kaɗai ake gani. Yawancin matsalolin nan gyaransu ba shi da wuya. Abin da ke cin kuɗi da lokaci shi ne a hau canje-canjen kaya tun ba a gano inda wutar ta tsaya ba.

Mantawa da mas

Wuta ba ta kunna kwai sai ta je ta dawo. Tana fita daga batir ta waya, ta ratsa kwan, ta koma batir ta wata waya ko ta jikin ƙarfen shasi, hanyar komawar nan ita ake kira mas. Kowa yana bin wayar da ke kai wutar, kaɗan ne ke tunawa da hanyar dawowarta, alhali a nan aka fi samun ɓarna.

Alamominta sanannu ne. Ka kunna fitilar dare ta kama lafiya, kana taka birki sai ta dushe ko ta ɗauke. Ka sa siginar hagu, sai jar fitilar ta riƙa ƙiftawa tare da ita, ko ta dama ta riƙa ɗan haske-haske. Wanda bai sani ba zai rantse an harɗe wayoyi ne, ya hau yankawa yana sake haɗawa. Wayoyin suna nan daidai. Wutar ce ta rasa hanyar komawa, sai ta bi ta cikin zaren wani kwan ta nemi mafita.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Samu doguwar waya, ka ɗaura baki ɗaya a kan batir, wajen mai alamar ragi, ka taɓa ɗaya bakin a jikin ƙarfen da kwan ke zaune a ciki, wani kuma ya taka maka birki. Idan hasken ya dawo garau, mas ne. Mai mitar auna wuta zai iya aunawa tsakanin wuraren nan biyu yayin da fitilar ke kunne: abin da ya kai rabin volt ya yi yawa.

A dogon baro mai akwatin juyewa, masu haɗawa kan bar mas ɗin fitilun ya bi ta hinjin akwatin. A tirela kuma su bar shi ya bi ta ƙugiyar da aka saƙala ta. Duka biyun wuri ne na tsatsa, giris da rairayi, kuma kullum cikin motsi suke, shi ya sa fitilar kan kama a tsaye, ta riƙa ɗaukewa da zarar an hau gargada. Maganin shi ne a ja waya ta musamman, wadda aka rubuta 2.5 a jikinta, daga fitilun har zuwa shasin babur ɗin. Inda za a ɗaure ta a kankare fenti da sanfefa sai farin ƙarfe ya fito, a sa mata zobe a baki, a ɗaure da noti, sannan a shafe saman da giris. Naɗa zaren waya a ƙarƙashin noti a kan fenti aikin banza ne, ko da ya kama a ranar.

Koren babur da koren tirela ba ɗaya ba ne

Yawancin baburan da ake shigowa da su daga Sin wayoyinsu suna bin launukan Honda: kore shi ne mas, ruwan ƙasa fitilar dare, kore mai ratsin rawaya birki, ruwan lemo siginar hagu, shuɗi mai haske siginar dama. Igiyar tirela mai waya bakwai, irin ta motocin Turai da ake samu wajen masu kayan gwanjo, tsarinta daban ne: fari shi ne mas, rawaya siginar hagu, kore siginar dama, ja birki, ruwan ƙasa da baƙi fitilun dare na dama da hagu, shuɗi kuma na fitilar hazo, wadda ba ka da buƙatarta. Duk wanda ya haɗa kore da kore ya jona mas da siginar dama. Wanda kuma ya ga ja ya kai shi ga jar wayar babur ya kai fitilar birki kan wutar batir kai tsaye, za ta kwana a kunne, da safe batir ya kwanta.

Ko launin ma kada ka ba shi amana ɗari bisa ɗari, musamman a babur ɗin da ya bi ta hannun masu gyara uku ko huɗu. Gwada kowace waya kafin ka jona. Abin gwajin da ya fi amfani a nan shi ne kwai mai wat 21 da aka liƙa wa wayoyi biyu da darma. Ya fi mita gaskiya a wannan aikin, domin mita za ta nuna maka volt 12 ko da zare ɗaya tak ya rage a wayar da ta ruɓe, amma kwan yana jan wuta, idan hanyar ta shaƙe ba zai yi haske sosai ba. Ka fara daga fis, ka je makunnin birki, ka je mahaɗin da ke tsakanin babur da tirela, ka ƙare a gidan kwan. Tsakanin wurin ƙarshe da ya kama da wurin farko da ya ƙi, nan matsalar take.

Fis

Fis ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari, ko a zura mai amfiya 30 a gurbin mai 10. Daga nan wayar ce ta zama fis, ita za ta narke a cikin kunshinta, wani lokaci a ƙarƙashin tankin mai. An yi asarar babura ta wannan hanyar.

Fis yana ƙonewa ne saboda ɗayan abu biyu. Ko dai waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ko kuma an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Na farkon akwai dabarar kama shi ba tare da an ƙona fis goma ba: cire fis ɗin, ka jona kwan gwajin nan a gurbinsa, ka kunna makulli, ka ciro kwayayen baya daga gidajensu. Idan kwan gwajin ya haska da ƙarfi, akwai inda waya ta taɓa. Fara zare mahaɗin tirela. In hasken ya faɗi, laifin yana tirela. Sai ka bi kunshin wayar kana girgiza shi taku-taku, inda hasken ya motsa nan ne. Galibi za ka same shi a inda waya ta ratsa hudar ƙarfe babu roba, ko kusa da salansa, ko tsakanin sifirin da shasi, ko inda mai walda ya yi aiki bai janye wayoyin ba.

Na biyun lissafi ne. Kwan birki mai wat 21 yana jan amfiya 1.75. Biyu na babur da biyu na tirela sun kama amfiya 7. Ƙara fitilar gaba mai wat 35, kusan amfiya 3, da fitilun dare huɗu masu wat 5, ka riga ka haura 10 tun ba ka taɓa sigina ko oda ba. Shi ya sa wani babur ɗin ke yini lafiya, sai bayan magariba, a birkin farko, komai ya ɗauke. Ƙaramin makunnin birkin ma ba a yi shi don wannan nauyin ba, bakinsa kan ƙone. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa wa tirelar fitilun LED, waɗanda wutar da suke ja ba ta taka kara ta karya ba. In ba haka ba, a sa rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa: wayar birki ta zama mai ba da umarni kawai, wutar tirela ta taso daga batir da nata fis mai amfiya 10, a dasa shi kusa da batir ɗin.

LED ɗin ma yana da nasa tarkon. Tsohuwar filasha, wato abin da ke sa sigina ƙiftawa, da nauyin kwai take aiki, idan nauyin ya ragu sai ta riƙa ƙiftawa da sauri kamar mai zazzaɓi, ko ta tsaya cak. A canja ta da irin wadda aka rubuta LED a jikinta. Sigina mai kyau tana ƙiftawa sau 60 zuwa 120 a minti. Sannan a duba ko fitilar dare tana kamawa da makulli kawai, inji a kashe. Idan sai an tayar da inji take kamawa, daga koyil take shan wuta ba daga batir ba, kuma LED zai riƙa rawa a kanta ko ya mutu da wuri.

Kwan da bai dace ba

Kwan baya mai zare biyu ne, an rubuta 21/5W a gindinsa, yana da ɗigo biyu a ƙasa, kuma kunnuwansa biyu ba su daidaita ba, ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga gindi. An yi haka ne don ya shiga ta fuska ɗaya kawai. Mai ƙarfin hannu kan danna shi a juye, sai fitilar dare ta zama ita ce mai ƙarfi, birki kuma a taka ba a ga bambanci ba. Wani kuma ya zura mai ɗigo ɗaya a gidan mai biyu, ɗigon ya haɗe hanyoyin biyu, ana taka birki sai fitilar allon gudu ta kama. A duba volt ɗin ma: kwan babbar mota mai 24 zai yi ja-ja kawai, mai 6 kuma zai ƙone nan take.

Idan kwayaye suna ƙonewa a kai a kai, gilashinsu ya yi baƙi, daina zagin mai shago, ka auna batir. A kashe, cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6. Inji na aiki, ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ka ja totur ka ga ya haura 15, ragileta ce, mai daidaita wutar caji, ta lalace, kuma batir ɗin ma yana kan hanya.

Waya, jonawa da ruwa

Wayar gida mai sanda ɗaya ba ta jure girgiza, tana karyewa a cikin robarta inda ido ba ya gani. Sai mai zare-zare, wadda aka rubuta 1.5 a jikinta ta isa ga birki da sigina. Wajen saye ka kankari zaren da wuƙa. Idan cikinsa fari ne, sanholo ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, ba ya shan darma da kyau kuma yana saurin ruɓewa.

Murɗe waya biyu a naɗe da salatif ba ya wuce zafin watan Afrilu na Maraɗi: gam ɗin ya narke, ƙurar hunturu ta riga ta shiga, damina ta zo ta ƙarasa, jan ƙarfen ya koma kore. A liƙa da darma, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji wuta. A wajen hinjin akwati a bar rarar waya, a ɗaga akwatin har ƙarshe a tabbatar ba ta miƙe ba. A wajen tirela kuma a karya kan babur hagu da dama har iyaka, a ga igiyar ba ta ja ba, kuma ba ta jan ƙasa.

Gidan fitila yana da ƴar huda a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Masu ɗaurawa kan juya shi hudar ta koma sama, ko su toshe ta da gam da sunan kariya, sai ruwan wanki ko na kududdufan unguwa ya shiga ya kwanta a ciki. Buɗe murfin, ka goge ɗigon da ke gindin gidan kwan da sanfefa mai laushi, ka ɗan ɗago sifirin ɗinsa idan ya kwanta, ka shafa basilin kaɗan a nan da kuma cikin ramukan mahaɗin tirela. Ranar da aka sauke tirelar, a rufe bakin mahaɗin, a ɗaure shi yana kallon ƙasa.