Me Kake Yi In An Tashi Makaranta? Kurakuran Da Muka Fi Yi A Wannan Darasi Na Turanci

Shekarar da na fara koyar da Turanci a aji huɗu na firamare, na shiga aji da hotunan da na kwafo daga littafi: yaro yana ninkaya a wurin wanka na zamani, yarinya tana kaɗa fiyano, wani yana buga tanis. Na rubuta jimlolin a allo, yara suka bi ni baki ɗaya har rufin kwano yana amsawa. Da na tambayi wata yarinya me take yi in an tashi, sai ta miƙe ta harɗe hannu ta ce, "I play the piano." Babu kuskure ko ɗaya a jimlar. Da la'asar ɗin ranar na wuce ta a bakin tasha da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka. Abin da na ba ta shi ta mayar mini, ba ragi ba ƙari.

Wannan shi ne kuskuren da ya haifi sauran. Muna ɗauko yammacin yaran wata ƙasa mu ɗora wa namu, sai yaro ya haddace kalmomin da babu inda zai yi amfani da su, zuwa mako mai zuwa sun bi iska. Gyaran ba shi da tsada. Kafin ka taɓa alli, ka tambaye su da Hausa, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya daga tashi makaranta zuwa kwanciya. Za ka ji Islamiyya, makarantar allo, ƙwallo, ɗebo ruwa, shara, wanke-wanke, aike, kiwo, zaman shago, koyon ɗinki, kallon fim. Ka zaɓi shida ko bakwai da suka fi yawa, su ne darasinka: "fetch water", "sweep the compound", "wash the plates", "run errands", "look after the goats", "help my father in the shop". Abin da ba shi da suna a Turanci kuma ka bar shi da sunansa. "I play langa" jimla ce cikakkiya, haka ma "We play dara". Kada ka ɓata rabin darasi kana laluben fassarar gaɗa ko carafke.

Sai dai a yi hattara da maganar talla. Akwai yaron da zai ji nauyin faɗi a gaban 'yan aji. In malam ya rubuta "I sell groundnuts" a allo da fuskar da ya rubuta "I play football", ba ya murmushi ba ya wa'azi, yawanci kunyar takan ragu. Wanda bai so faɗi ba kuma a ƙyale shi ya zaɓi wani abu.

"Ina zuwa" da "nakan je"

Nan ne na fi so mu daɗe, don nan ne akasarinmu muke gyara ba tare da sanin tushen ciwon ba. Yaro zai ce, "I am going to Islamiyya every day." Malam ya ja jan biro, ya rubuta daidai, gobe yaro ya maimaita. Dalili shi ne a Hausa "ina zuwa" tana ɗaukar abin da ake yi yanzu da abin da aka saba yi: "Ina zuwa, jira ni" da "Ina zuwa Islamiyya kullum" duk daidai ne. An kuma riga an koya wa yaron cewa "ina" ita ce "I am". To me zai hana shi?

Alhali Hausa tana da maganin a cikin gida. Muna da "nakan", "yakan", "takan", "mukan", waɗanda aikinsu ke nan, nuna sabo. Ka rubuta a allo gefe da gefe: "Nakan je Islamiyya" da "I go to Islamiyya", "Ina tafiya Islamiyya yanzu" da "I am going to Islamiyya now". Ka ce musu duk abin da za su iya sa wa "nakan", to ba ya buƙatar "am" ko wutsiyar "ing". Na ga ajin da wannan bayani na minti biyar ya yi wa abin da jan biro na zango guda bai yi ba.

Akwai ƙanin wannan kuskure wanda mu malamai ne muke raba shi da bakinmu: "I use to play football every evening." Muna jin kamar ita ce fassarar "nakan". A Turanci "used to" ta abin da aka saba yi a da ne aka daina. Wanda ya ce "I used to play football" yana nufin ya ajiye ƙwallo ke nan. In har yanzu yana bugawa, "I play football" ta wadatar, ko ya ƙara "usually". Duk malamin da ya san wannan tana bakinsa, ya fara da kansa.

Wani wurin tuntuɓen shi ne kalmomi ukun nan, "play" da "go" da "do". Bahaushe "yi" tana yi masa aiki da yawa: yin wasa, yin iyo, yin aikin gida, yin karatu. Shi ya sa ake jin "I do swimming" ko "I play swimming". Kada a koyar da kalmar aikin ita kaɗai, a koyar da su a haɗe kamar tuwo da miya: "play football", "go swimming", "do my homework", "ride a bicycle", "watch TV". Yaro ya ɗauki kowanne a matsayin abu guda. Dokar za ta zo daga baya, in ma ana buƙatarta: wasan da ake karawa da wani yakan tafi da "play", aikin da ake fita a yi mai ƙarewa da "ing" yakan tafi da "go".

Sannan ga ƙaramar "to". Muna cewa "na tafi kasuwa" ba tare da komai a tsakani ba, don haka yaro zai ce "I go market". Ka gyara masa, ya ɗauki "to" ya watsa ko'ina: "go to home", "go to swimming". A ware su a allo kashi biyu, masu "to" da marasa ita, a bar su a manne a bango har ƙarshen zango. "Home" ba ta karɓar "to", a haddace ta haka nan.

Game da lokaci, kada ka fara da agogo. Yammacin yaron nan da salla yake auna shi. "After Asr prayer" da "before Maghrib" sun fi masa ma'ana fiye da huɗu da kwata, kuma da su zai koyi "after" da "before" cikin sauƙi. Ranaku ma akwai misali a hannu: makarantun allo ba a karatu Alhamis da Juma'a, ga "I don't go on Thursdays and Fridays" ta samu, da korewa da "on" a jimla ɗaya.

Wa yake magana a ajin?

Ka ƙirga wata rana. A darasin minti talatin da biyar, sau nawa yaro ɗaya ya buɗe baki shi kaɗai ya faɗi abin da ba maimaici ba ne? A aji mai yara saba'in amsar takan zama ko sau ɗaya bai yi ba. Bin baki yana da amfaninsa, yana saba wa harshe da lafazi, kuma yaranmu gwanayen hadda ne. Amma mai bin baki yana iya ɓuya a cikin taro shekara guda.

Kuma kullum malam ne mai tambaya, don haka yara suna fita sun iya amsa, ba su iya "What do you do after school?" ba. Ka juya su bibbiyu a kan bencinsu, kowa ya tambayi na kusa da shi, ya riƙe amsa biyu. Bayan minti uku ka ɗaga wasu su ba da labarin abokan zamansu, ba nasu ba. A nan "s" ɗin da take wahalar da su za ta fito da dalili: "He plays football", "She helps her mother". Abin sauƙi ma, Hausa ta riga ta raba "ya" da "ta", ba sai an sha fama da "he" da "she" ba. Ajin zai yi hayaniya, malamin ajin kusa zai leƙo. Ka gaya wa hedimasta tun da safe.

Lafazi kuwa a taɓa shi kaɗan a wuce. Hausa ba ta raba "p" da "f", kuma ba ta son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa "play" take fitowa "filé". Ba kowa guntun takarda ya riƙe a gaban baki: a "p" leɓɓa suna haɗuwa su fashe, takarda ta yi tsalle, a "f" haƙoran sama suna sauka kan leɓen ƙasa. Minti biyu ya isa, suna dariya suna yi. Abin da ba a so shi ne a katse yaro a tsakiyar labarinsa don harafi ɗaya. In ya ce "I go market after school", ka amsa masa, "Oh, you go to the market? What do you buy?" Ya ji daidai, kuma zancen bai mutu ba.

Tarar "banakula", wato ta yin Hausa a aji, da wasu makarantu suke sawa, da bulalar da take biyo kuskure, su ma a wannan layi suke. Manufar ilimi ta Najeriya da aka fara fitarwa a 1977 ta tanadi a wancan lokacin cewa a fara karantar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, Turanci ya karɓa daga baya, amma a aji da yawa kalmar Hausa ɗaya tana jawo hukunci. Yaron da ya san kuskure zai jawo masa dukan tafin hannu zai zaɓi jimlar da ya tabbata da ita, ko da ta fiyano ce. In ya maƙale, bar shi ya jefa kalmar da Hausa, ka ba shi ta Turanci ya ci gaba.

Aikin gida na wannan darasi jimla uku ne kawai, a kan abin da zai yi da yammacin ranar, kowacce da "after" ko "before". Washegari kafin ka karɓi littattafai, ka sa ya karanta wa na kusa da shi, shi kuma ya yi masa tambaya ɗaya a kai.