Adana Agoguna Masu Tsada Kafin Tafiya

Ɓarawon agogo ba ya ɓata lokaci a falo. Uwar ɗaka yake nufa, ya duba wadirob, durowar gefen gado da ƙarƙashin katifa. Don haka kada sef ɗinka, wato akwatin ƙarfen da kake kulle agogunan, ya zauna a can. Sito ko ɗakin da ba a shigar da baƙi ya fi.

Ƙaramin sef mai kilo 15 ko 20 da ba a kafe shi ba, mutum ɗaya zai sungume shi ya je ya fasa a natse. A kafe shi da noti huɗu a cikin kankaren daɓe, ta ramukan da ke gindinsa. Kada a kafe a bangon bulo, domin bulon da ake gini da shi a Kano mai rami ne, ƙarfen ɓamɓare ƙusa kaɗai ya isa ya tumɓuke notin. Ka tsaya a kan aikin da kanka, ba lebura, ba 'yan kallo. Idan sef mai danna lamba ne, sa masa sabon batir, makullin ko-ta-kwana kuma ya bar gidan.

Kafin ka rufe, ɗauki hoton kowane agogo gaba da baya, ka rubuta lambarsa. A sababbin Rolex tana zoben ciki, daidai ƙarfe shida. A tsofaffi sai an cire maɗaurin agogon. Kwali, rasit da katin garanti kada su kwana tare da agogon, don da su ɓarawo zai sayar a farashi mai kyau. Kai su gidan ɗan'uwa amintacce. In an yi sata, wannan lambar za ka kai wa 'yan sanda, da ita kuma ake shigar da agogon a The Watch Register ta Landan, rajistar agogunan da aka sace, inda dillalai ke dubawa.

Tafiyar damina ce? Jefa ƙunshin silika biyu ko uku a ciki saboda laima. Agogon batir da ya tsaya, a cire batirin, yana tsiyaya ya cinye injin.

Sai baki, wanda ya fi komai wuyar kullewa. Hoton filin jirgin Malam Aminu Kano ko hoton Harami a sitatus na WhatsApp shela ce cewa gida ba kowa. Bari sai ka dawo. Maigadi ya san ka yi tafiya, amma bai kamata ya san inda sef yake ba. Kyamara kuma a haɗa ta da inbata, in ba haka ba ana ɗauke wuta ta mutu.