Yadda ake gano kiloga a laftof kafin a kwashe maka fasiwod

Kiloga wata ƴar manhaja ce da ke laɓewa a kwamfuta, duk abin da ka danna a kibod sai ta rubuta ta ajiye, fasiwod ɗin Gmail, lambar BVN, lambar katin ATM, hirar da ka yi a WhatsApp Web, har wanda ka rubuta ka goge, daga baya ta tura ma wanda ya dasa ta. Ɗige-ɗigen nan baƙaƙe da ke fitowa in kana sa fasiwod, mai leƙe ta bayanka kawai suke hanawa, ita kam tun daga yatsanka ta ɗauka.

Nan Katsina hanyar da ta fi shigowa kowa ya san ta. Ka sayi laftof ɗan gwanjo, ka kai shago a loda maka Office da CorelDraw da Photoshop na kirak, wato waɗanda aka fasa don a yi amfani da su ba biya, daga filashin da ya shiga kwamfutocin rabin gari, kuma abu na farko da ake yi shi ne a kashe antibairos wai don kirak ɗin ya zauna. Ba ina cewa masu gyara ɓarayi ba ne, galibi shi kanshi bai san mi ke cikin fayil ɗin ba, shi ma saukowa ya yi daga intanet. Sai ta imel, irin su kilogar Agent Tesla da ke yawo tun 2014, a turo maka wai rasit ko takardar kwangila, kana buɗewa shikenan. Sai na gida, wanda ya ari laftof ɗinka ya dasa don zargi ko kishi, shi kuma ya sani Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani da naɗar bayanansa ba izini.

To in kana zargi, ga yadda za ka bi, kuma dan Allah bi shi a jere.

Da farko kashe Wi-Fi, cire hotspot ɗin waya, kar ka ƙara buga wani sirri a kanta. Kar ka yi garajen canza fasiwod a wannan kwamfutar, nan ne mutane ke faɗawa, don sabon ma ɗauke shi za ta yi, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Ɗauki wayarka, da ita za ka canza. Fara da imel, saboda duk wanda ya riƙe Gmail ɗinka zai iya risetin Facebook da fotal ɗin makaranta da sauransu. Shiga myaccount.google.com, ka taɓa Security, ka duba Your devices, duk na'urar da ba ka gane ba fitar da ita, sannan ka kunna 2-Step Verification. Wanga shi ne ya fi komai amfani wallahi, ko ɓarawo na da fasiwod ɗin sai ya nemi lamba ko amincewa daga wayar da ke aljihunka. Haka za ka yi ma Facebook, a WhatsApp kuma ka duba Linked devices. In ka taɓa buga lambar kati a laftof ɗin to je banki ko ka shiga manhajarsu ka rufe katin a ba ka sabo, kuɗin kati bai kai ciwon kan bin kuɗin da suka fita ba.

Yanzu koma kan kwamfutar. In ta tebur ce leƙa baya inda wayar kibod ke shiga, akwai kiloga ta ƙarfe, ƙarama kamar filash, ana maƙala ta tsakanin wayar da ramin USB, ita babu antibairos ɗin da ke ganinta sai ido. Ka ga baƙon abu, zare.

Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, je Startup ka ga abubuwan da ke tashi da kwamfutar. Wanda ba shi da sunan kamfani a gefensa, ko suna wani hargitsattse, rubuta shi ka bincika a waya kafin ka taɓa, kar ka kashe abin da Windows ke buƙata. Leƙa Settings, Apps, ka jera su da kwanan wata ka ga mi ya shigo ranar da ka kai gyara ko ranar da aka ara. A Chrome buga chrome://extensions ka cire duk wanda ba kai ka sa ba. Amma gaskiya kiloga mai wayo ba ta fitowa a nan, rashin ganinta ba shaida ba ne.

Shi ya sa sikan, wato sa antibairos ya bincike kwamfutar, shi ne babban aikin. Buɗe Windows Security, Virus & threat protection, Manage settings, gangara ƙasa zuwa Exclusions. Nan za ka sha mamaki, masu sa kirak kan zuba folda a wurin don Defender, antibairos ɗin Windows, ya daina dubawa, wani ma sai ka tarar an sa C: gabaɗaya, wato an ce ma mai gadi ya kwanta. Cire su duka daga jerin Exclusions, kunna Real-time protection, haɗa intanet na ɗan lokaci ya yi ofdet ba tare da ka buga komai ba, sannan Scan options ka zaɓi Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta, wajen minti 15, ka tabbata da caji ko kana jikin sola kar wuta ta yanke maka a tsakiya. In kana da data ƙara da antibairos ɗin Malwarebytes na kyauta.

Masu tsofaffin HP EliteBook da ProBook, ga su nan birjik hannun ɗaliban Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da na Hassan Usman Poly, ku duba C:\Users\Public ko akwai fayil mai suna MicTray.log. A 2017 aka gano direban sauti na Conexant a wasu daga cikinsu yana rubuta abin da ake dannawa a ciki, HP ta fitar da gyara, in ka gan shi goge ka yi ofdet ɗin direban.

In sikan ya kamo wani abu, ko hankalinka bai kwanta ba, ni dai shawarata kwashe takardu da hotuna kawai, ban da fayil masu .exe, ka yi fomat ka sa Windows daga shafin Microsoft. Ka tuna an daina ba Windows 7 kariya tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinsa ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Maimakon Office na kirak akwai LibreOffice da Google Docs, kyauta ne.

Batun kafe da bizines senta kuma, inda ake zuwa firintin na JAMB ko biyan Remita, can ba ka da ikon yin sikan. Kar ka buɗe banki ko babban imel ɗinka a kwamfutarsu, tura ma mai shagon takardar ta WhatsApp ya buga maka. In fotal ne dole sai ka shiga, kibod ɗin kan allo da ke fitowa da Windows da Ctrl da O yana kauce ma ta ƙarfen nan, amma wasu manhajojin har hoton allo suke ɗauka, don haka kana fitowa daga shagon tsaya bakin ƙofa ka canza fasiwod ɗin a wayarka.