Darasi na 7: Idan Mota Ta Yi Nauyi Bayan An Tayar Da Ita

Kun tayar da mota da safe, kun sa giya, kun taka totur, amma sai jan jiki take yi kamar an lafta mata kaya. Kafin ku nemi bakanike, ku lura da abu ɗaya. Nauyin yana wucewa idan inji ya ɗauki zafi, ko yana nan har ku isa inda za ku? Daga amsar nan ake fara bincike.

Nauyin da ke wucewa idan inji ya ɗumama

Da sanyin safiya baƙin mai yakan yi kauri, fetur kuma ba ya ƙonewa sosai. Ɗan nauyi na minti 2 ko 3, musamman lokacin hunturu, ba ciwo ba ne. Ku bar injin ya yi kamar minti 1, sannan ku ja a hankali. Dannar totur da ƙarfi don inji ya yi zafi cinye ƙarfe kawai take yi.

Idan kuwa motar tana shaƙewa har tana neman mutuwa, a duba sansa mai auna zafin ruwan inji. Ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko inji na da sanyi, domin a ƙara masa mai. Gwajinta da sauƙi. A jona na'urar bincike, wato wadda ke karanta bayanan ƙwaƙwalwar mota, da safe kafin a tayar da motar. Zafin da ta nuna ya kamata ya yi daidai da na gari. Idan gari na kan digiri 20 ita kuma ta ce 80, ta lalace, shi ya sa inji ke samun mai kaɗan a lokacin da ya fi buƙata.

A gareji da yawa akan cire tamostat, wato abin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi, wai don ƙasarmu akwai zafi. Wannan kuskure ne. An ƙera inji ya yi aiki tsakanin digiri 85 zuwa 95. In aka cire tamostat, inji ya daɗe bai kai wannan zafi ba, mota ta yi ta shan mai, fulogi ya yi baƙi.

Nauyin da ba ya wucewa

Inji na buƙatar iska da mai da wuta. A fara da iska, don ita ce mafi arha. Ku kashe mota, ku ciro matatar iska, ku ɗaga ta sama wajen rana. In haske bai ratsa ta ba, ƙura ta toshe ta, a canza. A bayanta akwai sansa mai auna iska, da wata siririyar waya a ciki. Kada a taɓa wayar da hannu, kada a wanke ta da fetur. Akwai feshin da aka yi dominta. A fesa, a bar ta minti 10 ta bushe. A kuma lanƙwasa babban tiyon da ya tafi cikin inji, domin tsagewa takan ɓuya a ƙarƙashinsa.

Sai mai. Ku murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da kun tayar ba. A motoci da yawa za ku ji famfon mai ya yi ƙara ta daƙiƙa 2 daga wajen tanki. Ku kashe, ku maimaita sau 3, sannan ku tayar. Idan motar ta fi ja bayan haka, mai yana sulalewa ya koma tanki cikin dare. Bakanike ya auna ƙarfin famfon da agogon awo. Galibin motoci masu nozul, wato bakin da ke fesa wa inji mai, suna son matsin 3 zuwa 3.5 a ma'aunin bar, amma littafin motarku shi ne alƙali. Yawo da tanki kusan fayau yana gajiyar da famfo, domin fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Man jarka na bakin titi kuma yakan zo da ruwa ko datti ya toshe matata da nozul. Duk aikin da ya shafi fetur, a nisanta shi da sigari da wuta.

A ɓangaren wuta, launin fulogi yana ba da labari. Ruwan ƙasa mai haske lafiya ce. Baƙin toka na nufin mai ya yi yawa, fari fat kuma mai ya yi kaɗan. Idan inji na rawa kuma ana zargin kwayil ɗaya, wato abin da ke ba fulogi wuta, a musanya shi da na kusa da shi. In matsalar ta bi shi, shi ne. Fitilar cek, wato ta gargaɗin inji a gaban direba, in tana ƙiftawa kuwa ba a tafiya da ita, domin ɗanyen mai na gangarawa salansa ya ƙona matatar hayaƙi, wadda bakanikai ke kira indomi. In ta toshe, mota takan tashi lafiya, amma ta kasa hawa tudu, kuma nauyin na ƙaruwa da zafi.

Wani lokaci inji ba shi da laifi. Idan yana kuka sosai amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ya cinye, ko man giya ya yi ƙasa ko ya ƙone. Birki ma kan riƙe. Bayan 'yar tafiya, ku kai hannu kusa da kowace ƙafa ba tare da taɓawa ba. Wadda ta fi sauran zafi ita ce ke riƙewa.

Na'urar bincike tana fitar da lambobi. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, P0300 inji na tsallake wuta, P0101 kuma sansar iska. Lamba tana nuna wajen da za a duba ne kawai, don haka a gwada kaya kafin a saya sabo.

Aikin gida

Gobe da safe ku rubuta a littafinku minti nawa nauyin ya ɗauka, ko fitilar cek ta kama, da launin hayaƙin salansa. Ku zo da shi aji mu karanta tare.