Yadda za ka biya kuɗin kwalejin shekara biyu a Amurka ba tare da ka bar aikinka ba

Ƴan uwa da ke Amurka, musamman mutanenmu na Bronx masu tuƙin tasi da aikin sito da kula da tsofaffi a gida, da yawa suna son komawa makaranta amma da an ce kwaleji sai gaba ya faɗi saboda kuɗi. To wallahi kwalejojin nan na shekara biyu ba su kai yadda ake tsoro ba. A CUNY, wato jami'ar birnin New York, a kwalejojinta irin su Hostos da BMCC da Bronx Community College, mazaunin birnin yana biyan dala 210 ne kan kowane kiredit, wato ma'aunin nauyin kwas, kwas biyu a zango ɗaya kenan kiredit 6, dala 1,260, ban da ƴan ƙananan kuɗaɗe. Amma fa sai ka kai musu shaidar cewa ka shekara a jihar, in ba haka ba farashin baƙo za su yanka maka.

Abu na farko, ka cike FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, a studentaid.gov. Kyauta ne, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya cike maka rabu da shi. Kar ka yanke wa kanka hukunci wai albashina ya yi yawa ba za su ba ni komai ba, kai dai cike, don daga nan ake samun Pell, kuɗin gwamnatin tarayya da ba a mayarwa, wanda ƙololuwarsa ta kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024-25, kuma ko ba ka ɗauki kwasa-kwasai da yawa ba suna ba ka gwargwadon abin da ka ɗauka. Ɗan ƙasa da mai girin kad duk sun cancanta. In ka kai shekara 24 ko kana da aure ba ruwansu da samun iyayenka. Harajinka na shekara biyu baya suke dubawa, saboda haka in samunka ya ragu tun lokacin, je ofishin tallafin kuɗi na makarantar da takardun albashinka ka nemi su sake lissafi, suna da ikon yin haka.

Sai na jiha. New York na da TAP, tallafin kuɗin makaranta na jihar, kuma daga 2025 ta fara wani tsari na karatu kyauta ga masu shekara 25 zuwa 55 da ba su da digiri, a fannoni irin su aikin jinya da koyarwa da kwamfuta. Michigan da Tennessee ma suna da irinsa ga manya.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne wajen aiki. Doka ta yarda kamfani ya biya maka har dala 5,250 a shekara na karatu ba a cire haraji a kai ba, Amazon da Walmart da UPS duk suna da shirin biyan kuɗin makaranta, ƴan ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan lafiya ta 1199 kuma akwai asusun horaswa. Ka tambaya kawai, ba roƙo ba ne, in wajen aikinka na da shirin kuma ka cika sharaɗi haƙƙinka ne. Sai dai ka ji sharaɗin da kyau, wasu su ke biya kai tsaye, wasu sai ka biya ka ci jarrabawa sannan su mayar maka.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe. Mai aikin awa 40 a sati don Allah kar ya ɗauki kiredit 12. Na san ana son a gama da wuri, amma in ka kwashi kaya da yawa ka kasa ka janye a tsakiyar zango, makaranta na iya mayar wa gwamnati wani kaso na tallafin sannan ta biyo ka bashi, kuma yawancinsu suna so matsakaicin makinka kar ya gaza 2.0 cikin 4.0 ka kuma ci kusan kashi biyu cikin uku na abin da ka yi rajista, in ka gaza a tsayar da tallafin. Kwas biyu, na dare ko na Asabar ko na intanet, ka ƙara ɗaya lokacin bazara. Digirin kusan kiredit 60 ne, zai ɗauke ka shekara uku zuwa biyar, ba komai, haya na biyuwa kuma aiken gida bai tsaya ba.

In akwai saura bayan duk wannan, nemi tsarin biya wata-wata na makarantar, ɗan kuɗin rajista ne kawai ba ruwa a ciki, wanda ya fi mana kwanciyar hankali a kan bashin ɗalibai. Littafi kuma kar ka saya kafin ka shiga aji, duba laburare tukuna ko ka zaɓi ajin da aka rubuta ba kuɗin littafi.

Lokacin cike haraji ka ɗauki takardar 1098-T da makaranta ke bayarwa ka kai wa mai yi maka, akwai rangwamen da kan kai dala 2,000 ko 2,500 gwargwadon wanda ka cancanta, ka adana rasit ɗin littattafai ma tun farkon zango.